Ta ɗauka ko ba ta ɗauka ba? Fashin baƙi kan cikin goɗiya da lissafin barbara

Ta ɗauka ko ba ta ɗauka ba? Duk wanda ya taɓa kai goɗiya wurin ingarma ya san wannan tambaya, domin daga ranar da aka dawo da ita turke ba ta barin bakinsa. Yaron barga zai ce ta ɗauka, ai ga shi ta daina kula doki. Maƙwabci zai zagaya ta, ya dubi kwiɓinta, ya ce babu komai a ciki sai ciyawa. A kasuwa kuwa, Maigatari ce ko Mai'aduwa, dillali zai dafa bayanta ya ce, "Mai ciki ce, Alhaji, biyu za ka saya a kuɗin ɗaya," alhali ba shi da wata hujja sai faɗar wanda ya kawo ta.

Maganar ta ƙara zafi a 'yan shekarun nan saboda doki ya yi tsada. Da yawa daga dawakin da ake hawa a Kano da Katsina da Zazzau da Daura daga Nijar da Chadi da Sudan ake shigo da su, kuma shekarar 2023 kaɗai ta zo da yaƙin Sudan, da rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin watan Yuli, da faɗuwar darajar naira. Sha'awar hawa kuma ba ta ragu ba, har ma a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Da ma al'adar birni ita ce a ɗaure ingarma a gida, goɗiya a bar wa mutanen karkara da 'yan wasan folo. Yanzu wanda bai taɓa tunanin ajiye goɗiya ba ya fara lissafin gara ya samu dukushi a turkensa. To a nan ne yake haɗuwa da abin da bai saba ba. Goɗiya ciki ɗaya take yi a shekara, ɗa ɗaya take haifa, kuma duk kuskuren da aka yi wajen gane halin da take ciki, shekara guda ce ta tafi a banza.

Yadda jikin goɗiya yake lissafinsa

Goɗiya mai lafiya tana zagayowa neman namiji kusan duk kwana 21. A cikinsu kwana biyar zuwa bakwai ne take yarda da doki: ta ɗage wutsiya, ta riƙa tsiyayar da fitsari kaɗan-kaɗan, gabanta yana motsi, ta tsaya cak idan ya matso. Sauran kwanakin, kimanin mako biyu, da ya kusanto za ta kwantar da kunne ta kai masa harbi.

Abin da ido ba ya gani shi ne fitar ƙwai. Ba a farkon neman namijin yake fita ba, sai saura kwana ɗaya ko biyu ya ƙare. Idan ya fita, sa'o'i shida zuwa goma sha biyu kawai yake da su kafin ya lalace, shi kuwa maniyyin ingarma lafiyayye yakan rayu kwana biyu ko uku a cikin mahaifa. Shi ya sa masu kiwon dawaki suke barin doki ya hau ta yau, a tsallake gobe, a sake jibi, tun daga kwana na biyu ko na uku har ta ƙi shi. Wanda ya kai goɗiya ranar farko da ya ga alama, aka yi hawa ɗaya ya kamo linzami ya dawo gida, mai yiwuwa ƙwan bai fito ba sai bayan kwana huɗu, lokacin da maniyyin ya riga ya mutu. Da yawa daga goɗiyoyin da ake yi wa laƙabin juya, matsalarsu ke nan.

A gurbin da ƙwai ya fita wani ɗan ƙulli mai ruwan ɗorawa yakan fito, yana zuba sinadarin riƙe ciki, wato furojestaron, a cikin jini. Wannan sinadari ne yake sa ta ƙi doki. Idan babu ciki, wajen kwana na 14 ko 15 mahaifa takan narkar da ƙullin, neman namiji ya dawo. Idan akwai ciki, ɗan tayin yakan yi ta yawo daga wannan kusurwar mahaifa zuwa waccan har kwana na 16, kuma wannan yawon ne yake hana mahaifa narkar da ƙullin. Daga nan ya tsaya wuri ɗaya.

Ko a manyan gidajen kiwo na Ingila da Amurka, inda likita yake duba goɗiya kusan kullum, kimanin shida cikin goma ne suke ɗauka a zagaye guda. Don haka rashin ɗauka a karon farko ba abin tashin hankali ba ne. Tsawon ciki kuwa kimanin kwana 340 ne, amma daga 320 zuwa 365 duk ana ganinsu a goɗiya lafiyayya. Mai lissafi da watan Musulunci ya ƙirga wata goma sha ɗaya da rabi. Goɗiyar da aka yi wa barbara ranar Babbar Sallah, a fara sa mata ido sosai tun farkon Zulƙida mai zuwa, haihuwar ta fi yiwuwa a ƙarshensa.

Alamun da suke yaudarar mutane

Hujjar da aka fi kafawa ita ce, "An mayar da ita wurin doki ta ƙi shi." Wannan alama tana da amfani, ba za a raina ta ba. Idan aka riƙa kawo ingarma kusa da ita, da katanga ko shinge a tsakani, duk bayan kwana biyu daga kwana na 16 zuwa na 24 bayan hawan ƙarshe, kuma kullum tana ƙinsa, akwai kyakkyawan zaton ta ɗauka. Amma zato ne. Wani lokaci ƙullin nan mai ruwan ɗorawa yakan ƙi narkewa ko da babu ciki, sai goɗiya ta yi wata biyu ko uku tana harbin doki, mai ita yana murna. Wata kuma tana zagayowa daidai amma ba ta nunawa, musamman mai shayarwa da take tsoron kada a taɓa mata ɗa, ko budurwar goɗiya da ba ta saba da ingarma ba. Akwai kuma akasin haka, wanda ya fi haɗari: wasu masu ciki suna nuna alamar neman namiji, har su tsaya wa doki.

Girman ciki ya fi wannan rauni. Kusan kashi biyu cikin uku na girman ɗan da ke ciki a watanni ukun ƙarshe yake samuwa, saboda haka goɗiya mai cikin wata biyar ko shida, musamman cikin fari, tana iya zama a ɗame kamar ba komai. Tsohuwar goɗiya da ta haihu sau da yawa kuma cikinta a sake yake ko da ciki ko babu. Busasshiyar ciyawa da kara suna kumbura ciki, tsutsar ciki ma haka. Hoton da mutum zai ɗauka a waya ya tura wa abokai su duba masa, ba abin da yake nunawa sai abin da ta ci.

Hantsa ba ta fara cika sai saura mako biyu zuwa shida a haihu, ɗan danƙon da yake daskarewa a kan nono kuwa sai saura kwana ɗaya ko biyu. Alamu ne na gaskiya, sai dai suna zuwa bayan lokacin yanke shawara ya wuce.

Sai tsinken gwajin ciki na mata, wanda wasu suke tsomawa a fitsarin goɗiya. Ba ya aiki. An yi shi ne don gano wani sinadari da jikin mace 'yar Adam kaɗai yake fitarwa, goɗiya ba ta da irinsa. Layi ɗaya zai nuna ko da saura mako guda ta haihu, kuma wanda ya gaskata shi yana iya ɗaukar matakin da zai zubar da cikin.

Hanyoyin da suke ba da tabbaci

Mafi inganci shi ne hoton ciki da na'urar sikanin, wadda likitan dabbobi yake shigar da kanta ta dubura ya leƙa mahaifa daga sama. A kwana na 14 zuwa 16 bayan fitar ƙwai ana ganin ɗan tayin a matsayin baƙin da'ira mai faɗin kimanin santimita biyu. Wajen kwana na 25 ana ganin bugun zuciya. Mai goɗiyar da bai san ranar fitar ƙwai ba sai ya ƙirga daga hawan ƙarshe, ya sani cewa lissafinsa yana iya kaucewa da kwana ɗaya ko biyu. Wannan ne ya sa rubuta ranakun barbara a takarda ya fi kowane abu muhimmanci a wannan sana'a. Likitan da aka ce wa "wajen ƙaramar sallah ne dai" an riga an ɗaure masa hannu.

Inda babu na'ura, ƙwararren likita yana iya lalubawa da hannu ta dubura, kuma daga kwana 30 yakan ji kumburi kamar ƙwan kaza a gindin kusurwar mahaifa. A nan ina so a ji ni da kyau. Hanjin goɗiya bai kai na saniya juriya ba, yana yagewa, kuma yagewar da ta yi zurfi sau da yawa ajali ce. Wanda ya ƙware a laluben shanu bai zama ƙwararre a dawaki ba. Kada a bar kowa ya gwada hannunsa a kanta don a rage kuɗin likita.

Gwajin jini iri uku ne, kowanne da iyakarsa. Yawan furojestaron ba ya tabbatar da ciki, tunda goɗiyar da ba ta da ciki ma tana da shi rabin kwanakin zagayenta. Ƙarancinsa a kwana na 18 zuwa 20 ne yake nuna da wuya a ce ta ɗauka. Na biyu yana gano wani sinadari da yake bayyana tsakanin kwana 40 zuwa kusan 120, kuma akwai tarko a cikinsa da za mu zo kansa. Na uku, wanda ake yi bayan kwana 100, yana auna wani nau'in sinadarin istirojin da ɗan tayi da mabiyiya suke haɗuwa su samar, don haka shi kaɗai ne yake cewa abin da ke ciki yana da rai.

Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri duk suna da asibitin koyarwa na dabbobi, kuma ƙungiyoyin folo na Kaduna da Kano da Katsina suna hulɗa da likitocin da suka saba da dawaki. Nan ya kamata a fara tambaya. Abin da za a tambaya tun a waya shi ne ko likitan yana da na'urar da ake shigarwa ta dubura, kuma ko ya saba amfani da ita a kan goɗiya.

Tagwaye, da ƙofar da take rufewa a kwana 35

Mutum zai ce me ake gaggawa, a bari sai wata biyu a duba sau ɗaya a huta. Dalilai biyu ne suka hana.

Na farko tagwaye. A wurin mai tumaki tagwaye alheri ne, a wurin mai goɗiya musiba ce. Mabiyiyar goɗiya tana buƙatar ta manne da ilahirin bangon mahaifa kafin ta ciyar da ɗa guda, babu filin raba wa biyu. Mafi yawan cikin tagwaye yana zubewa ne tsakanin wata bakwai zuwa tara, bayan an gama kashe kuɗin ciyarwa, kuma ɓarin yakan bar goɗiyar da ciwon mahaifa. Waɗanda suka kai haihuwa galibi sukan zo ƙanana, marasa ƙarfi, ɗaya ko duka su mutu. Kafin zuwan na'urar sikanin, tagwaye suna cikin manyan dalilan ɓari a dawaki. Idan aka gan su kafin kwana na 16, lokacin da suke yawo, likita yakan ware ɗaya ya matse shi, kuma fiye da tara cikin goma ɗayan yana ci gaba lafiya. Da zarar sun tsaya, musamman in sun manne da juna, aikin ya yi wuya.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. Wajen kwana na 35 zuwa 38 wasu ƙwayoyin halitta daga jikin tayin sukan kutsa bangon mahaifa su kafa 'yan ƙoƙuna, su ne suke zuba sinadarin nan na gwaji na biyu. Da zarar sun kafu, ba ruwansu da ko tayin yana raye. Ko ya mutu a kwana na 45, za su ci gaba da aikinsu har wajen kwana 120, wani lokaci fiye. A duk tsawon wannan lokaci gwajin jini zai ce akwai ciki, goɗiya ba za ta dawo neman namiji yadda ya kamata ba, kuma babu allurar da take cire su. Wata uku ko huɗu sun tafi ke nan.

Mafi yawan asarar ciki a goɗiya a makonni shida na farko take faruwa, kuma ba a ganin jini ko wani abu a ƙasa, jiki ne yake shanye shi. Saboda haka duban kwana 15 bai isa shi kaɗai ba. Wanda yake da hali ya duba a kwana 14 zuwa 16, ya sake a 25 zuwa 30, ya ƙara a wajen 45 zuwa 60. Wanda kuɗinsa na duba ɗaya ne, a ganina ya zaɓi tsakanin kwana 25 zuwa 30: zuciya tana bugawa, ana iya gane tagwaye, kuma ƙoƙunan ba su kafu ba, don haka idan wani abu ya lalace akwai damar sake barbara a wata mai zuwa.

Abin da shakka take jawowa

Asarar ba ta tsaya ga jira ba. Mutumin da ya yanke cewa goɗiyarsa ba ta ɗauka ba yakan nemi allurar da take tayar da neman namiji, wato furostagilandin. Aikinta narkar da ƙullin da yake riƙe da ciki. A yi wa mai ƙaramin ciki ita, cikin ya tafi a 'yan kwanaki. Babu likitan kirki da zai yi ta bai duba mahaifa ba. Kuma mace mai juna biyu da mai ciwon asma kada su taɓa kwalbar, domin maganin yana ratsa fata.

Mayar da mai ciki wurin doki shi ma yana iya buɗe bakin mahaifa ya shigar da ƙwayoyin cuta. In ta ƙi aka ɗaure ƙafafunta aka tilasta, an haɗa haɗari biyu.

Wanda ya yanke cewa ta ɗauka alhali babu, shi kuma yakan daina hawa, ya ninka mata dawa da dusa wata da watanni. Ta yi ƙibar da ba ta da amfani, kofatonta ya shiga haɗari, ranar da ake jiran dukushi ta zo ta wuce. Ko mai cikin gaske ba ta buƙatar ƙarin abinci sosai sai watanni ukun ƙarshe, kuma kilisa mai sauƙi ba ta cutar da ita har wajen wata bakwai. Abin gudu shi ne sukuwa, da doguwar tafiya a mota, da aiki cikin zafin rana, musamman a kwanaki arba'in na farko da kuma ƙarshen ciki.

Akwai kuma goɗiyar da ba wanda ya san an hau ta. Dukusa tana iya ɗaukar ciki tun tana shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi idan aka bar ta tana kiwo da maza, alhali jikinta bai gama ginuwa ba sai shekara uku zuwa huɗu. Jaki ma yana hawa, a wayi gari da alfadari. Duk goɗiyar da aka sayo daga garken da ake sake su tare, a ɗauke ta a matsayin mai yiwuwar ciki har sai an duba.

Ciniki da hukunci

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanin wannan shakka, kuma sun gina hukunci a kanta. Sayar da abin da ke cikin dabba shi kaɗai haramun ne, saboda ba a san ko akwai shi ba, balle siffarsa. A mazhabar Malikiyya, sayar da dabba da sharaɗin tana da ciki don a ƙara mata kuɗi shi ma ɓataccen ciniki ne. Maganar dillalin nan ta "biyu a kuɗin ɗaya" ta faɗa daidai inda aka hana.

Haka batun kuɗin barbara. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Umar cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana karɓar kuɗin hawan namijin dabba. Wasu mazhabobin sun ɗauki hanin gaba ɗaya, sai dai kyautar da mai goɗiya ya bayar don kansa ba da sharaɗi ba. Malikiyya sun ɗora shi a kan yarjejeniyar "sai ta ɗauka", suka halatta hayar ingarma na kwanaki sanannu ko adadin hawa sananne. Mai goɗiya da mai ingarma su fayyace wannan tun kafin a kwance ta daga turke, domin rigimar da take biyo baya kusan kullum a kan abin da ba a faɗa ba ne. Ko hoton sikanin ya sauya wani abu a hukuncin sayar da mai ciki, wannan tambaya ce da ta cancanci masu dawaki su kai ta gaban malamai. A aikace dai, mai saye ya biya kuɗin goɗiyar da yake gani, in yana son sanin cikin ya kawo likitansa kafin a sallama.

A wane wata ya kamata ta haihu?

A Turai da Amurka hasken rana ne yake juya goɗiya: tana zagayowa idan yini ya yi tsawo, ta tsaya cik a lokacin sanyi. Masu dawakin tsere a can, da yake dokarsu tana ƙara wa kowane doki shekara a ranar 1 ga Janairu, har fitila suke kunna wa goɗiyoyi a barga don su fara da wuri. Mu ba mu da wannan takura. A Kano bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta kusan awa ɗaya da rabi ne kacal, don haka goɗiyoyi da yawa suna zagayowa mafi yawan shekara, ko da yake wasu sukan yi sanyi a hunturu. Abin da ya fi juya tamu shi ne ƙoshi. Ramammiyar goɗiya ba ta zagayowa daidai, in ta ɗauka ma riƙewa sai an yi sa'a.

Lissafin mai sauƙi ne: ranar barbara, a tafi irinta a baɗi, a dawo baya da kwana 25. Wadda aka yi wa a tsakiyar Yuli za ta haihu wajen 20 ga Yuni. Masu son barbarar damina suna da hujja mai ƙarfi, domin a damina goɗiya ta fi ƙoshi da saurin ɗauka, kuma dukushi zai faɗo daidai lokacin da ɗanyar ciyawa take fitowa, uwa ta samu nono. Amma a duba inda watanni ukun ƙarshe suka faɗa: ƙarshen Maris zuwa Yuni, tsakiyar bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 40, harawa ta yi tsada, fili ya zama ƙura. Daidai lokacin da ɗan yake girma ke nan. Sannan jaririn zai buɗe ido cikin laka da kaska da ƙudan cizo, ga ƙananan ƙwarin da suke yaɗa annobar dawaki ta Afirka, waɗanda damina ce lokacinsu.

Wadda aka yi wa a ƙarshen Nuwamba kuwa za ta haihu a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba. Ƙarshen cikinta ya faɗa a kan ciyawar Agusta da Satumba, shayarwarta ta faɗa a kaka, lokacin da harawar wake da ta gyaɗa suka fi araha, ƙasa ta bushe, ƙwari suna ja da baya. Illarsa ita ce sanyi da ƙurar hunturu a kan ɗan wata ɗaya, da kuma yiwuwar goɗiyar ta ƙi zagayowa a Nuwamba. Ni dai na fi karkata ga haihuwar kaka ga mai ƙaramin ƙarfi. Wanda ya zaɓi haihuwar damina kuwa, ya sayi harawar da za ta kai shi Yuni tun a Nuwamba, kada ya jira sai bazara.

Harawa tana da wani muhimmanci da ba a cika faɗa ba. Dusa da hatsi suna da yawan sinadarin fosforas da ƙarancin kalsiyam, kuma mai ciki ko mai shayarwar da aka dogara da su kaɗai jikinta yakan zare kalsiyam daga ƙashinta, har ƙashin fuska ya kumbura. Harawar wake da ta gyaɗa su suke cike wannan giɓi. Allurar rigakafin sarƙewar haƙora kuma a yi ta saura mako huɗu zuwa shida a haihu, don kariyar ta shiga dakashin da ɗan zai sha a ranarsa ta farko.

Bayan ta haihu, da kuma idan aka tarar babu komai

Kwana bakwai zuwa goma sha biyu bayan haihuwa goɗiya takan nemi namiji. Mai son ɗa kowace shekara a lokaci guda wannan ce damarsa, tunda kwana 340 na ciki da 25 kacal na tazara su ne 365. Sai dai mahaifa ba ta gama komawa daidai ba, kuma cikin da aka ɗauka a wannan zagaye ya fi saurin zubewa, musamman in ƙwai ya fita kafin kwana na 10. Idan haihuwar ta yi wuya, ko ta yage, ko mabiyiya ta wuce awa uku ba ta faɗo ba, ko akwai ruwa mai wari, a bar wannan ya wuce a jira na wajen kwana 30. Wadda ta rame da shayarwa a ba ta hutun shekara. Wadda ta haura shekara 15 kuma a rage buri a kanta, ɗaukarta tana raguwa, ɓarinta yana ƙaruwa.

Idan zagaye uku suka wuce da barbara a kan lokaci ba ta ɗauka ba, a daina sauya mata doki a kai ta a duba. Abin da aka fi samu shi ne ciwo ko taruwar ruwa a mahaifa, sau da yawa saboda gabanta ya saki yana zuƙar iska da ƙazantar kashi, abin da ya fi yawa a tsofaffi da ramammu. Likita yakan wanke mahaifar, ya ba da magani, wani lokaci ya ɗinke saman gaban. Wannan ɗinki dole a warware shi kafin haihuwa, don haka mai sayen goɗiya daga hannun 'yan folo ya ɗaga wutsiya ya duba.

Ingarman ma a tambayi tarihinsa, goɗiyoyi nawa ya hau bara, nawa suka haihu. Kyan ƙira da iya rawa a hawan Daushe ba sa nuna ƙarfin maniyyi, kuma zazzaɓi mai zafi yana iya raunana shi har kusan wata biyu. Akwai kuma wata cuta dangin sammore da barbara ce hanyar yaɗuwarta, tana kumbura al'aurar doki da ta goɗiya, ta fito da faffaɗan tabo a fata, ta ramar da dabba har ƙafafun baya su shanye. Ingarma ɗaya da ake kawo wa goɗiyoyin gari guda yana iya raba musu ita duka. Duk wanda aka ga kumburi ko ruwa a gabansa, namiji ne ko mace, a dakatar da barbara har likita ya ɗauki jininsa.